Jirgin da Ka Ɗinka a Tsakar Gida

Gudel, Yamai

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa, Ya sa aikin da aka tura ka yi a Sayi ya zama alheri gare ka da manoman shinkafar da za ka yi wa hidima. Amin.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Dalilin shi ne na san halina. Idan na zaunar da kai don mu yi magana, kafin in kai tsakiya na koma faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "to, Baba, to, Baba", mu tashi ba a ce komai ba. Shi ya sa na ɗauko biro da takarda.

Yau kwana tara ke nan da ka durƙusa a gabana ka ce kana so ka tafi wajen aikinka ta gulbi, cikin ɗan jirgin da ka ƙera, ka kwana a Kollo wajen abokinka, kashegari ka ƙarasa Sayi, ka riƙe jirgin can kana fita fatsa ranakun hutu. Ka ce: "Baba, in ba ka yarda ba sai in bar shi nan in hau mota. Kuma ba zan ƙara shiga ruwa ba." Na san ka, ba barazana kake yi ba. In na ce a'a, za ka jingine shi a bayan ɗaki har gara ta cinye shi, ba kuma za ka taɓa ɗaga maganar ba. Abin da ya sa na kasa amsa maka a take ke nan. Kafin in amsa, ya kamata ka san wane irin mutum ne kake neman izininsa.

Amma bari in fara da abin da ban taɓa gaya maka ba: jirgin nan ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau. Shekara biyu ina zaune ƙarƙashin dogon yaro da rediyona a kunne, kamar labarai nake saurare, alhali kai nake kallo. Na ga ka yanka shi da kwali har sau uku kafin ka yarda ka taɓa katako. Na ga ranar da ka shigo daga kasuwar Lazare da falankan nan marasa kauri da kafintoci ke kira kwantirfilake, ka huda gefensu, ka ɗinke su da jar waya, ka bi ɗinkin da wani danƙo mai warin da ya kori kajin innarka zuwa gidan maƙwabta. Na ce maka tela ya shiga aikin kafinta. Na ce wannan ba jirgi ba ne, kwasfar gyaɗa ce. Ka yi murmushi ka ci gaba da goge katako. Akwai ranar da gefe ɗaya ya karkace da abin da bai kai faɗin yatsa ba, wanda ni ko da tabarau ban gani ba, ka warware aikin sati uku ka sake. A ranar na ce a raina wannan haƙurin ba a wajena ka gado shi ba.

To ga abin da ba ka sani ba. Ni ma na taɓa ƙera jirgi. Na hana a faɗa, innarka kuma mace ce mai riƙe amana. Shekara biyu kafin a haife ka ne. Na zo Yamai daga Maradi da takardar shaidar karatu da wando mai kari, aka ba ni tebur a ofishin gwamnati. Mu mutanen Maradi me muka sani game da ruwa? Gulbinmu da rani ko takalmi ba ka cirewa za ka tsallake shi. Da na ga wannan na nan, wanda ba ya ƙafewa, sai ya shiga raina. Asabar da Lahadi ina bakin ruwa da fatsata, ina kama ƴan ƙarfasa kamar tafin hannu, ina kallon masunta suna wucewa can tsakiya inda manyan kifaye suke. Sai na ce, abin da mutumin da bai taɓa zama a aji ba ya iya, ni da na yi lakwal ne zai gagara?

Na sayi katakon maɗaci, na samo wani littafin Faransanci mai zane-zane, na yi wata huɗu ina bugun ƙusa. Ban tambayi kowa ba. Ya fito da fasali kuwa, kada in rage wa kaina, na shafe shi da shuɗin fenti. Ranar da na tura shi ruwa, kafin in gyara zama ya fara yoyo ta kowane haɗi. Sumana, tsohon masuncin nan da kuke kira Baba Sumana yanzu, lokacin da sauran ƙarfinsa, yana zaune yana gyaran koma. Ya gaishe ni da yarensu ya ce: "Fofo, Malam Issufu. Jirgi ya yi. Sai dai ka cika shi da duwatsu ka nutsar da shi nan, ka bar shi kwana bakwai. Icce ne busasshe. In ya sha ruwa ya kumbura, bakin katako ya kama ɗan'uwanshi, ko ɗigo ba ka gani."

Na ji shi sarai, kuma maganar ta shiga hankalina. Amma sai na tuna duk Gudel za ta wayi gari ta ga jirgin ma'aikaci kwance a ƙasan ruwa, a yi ta nuna shi da baki. Na ce masa littafina bai faɗi haka ba. Ya ce: "To, kala suru," wato sai haƙuri, ya koma kan komarsa. Ni kuwa na yi abin da ɗan tudu ke yi wa duk abin da ya jiƙe: na jawo shi waje na kife a rana ya bushe, na cusa tsumma a ramukan, na bi da kwalta. Duk fitar da zan yi, in dawo in sake shanya shi. Rana tana ƙara tsuke katako, ramuka suna ƙara buɗewa, ni kuma ina ƙara kwalta ina zagin mai sayar da katako.

Laminu, a Sayi kai ne za ka zama mai takarda a tsakiyar manoma da masunta. Za su kira ka da sunan girma, su ba ka kujera su zauna a ƙasa. Kada kujerar ta hana ka tambaya. In tsoho ya gaya maka abin da ba ya cikin takardunka, kada ka ce ƙarya ne, ka tambaye shi dalili, ka gwada. Na san kana da wannan hali, don na ga ka ɗauki jirgin kwalinka ka kai wa Baba Sumana ya duba tun kafin ka sayi ƙusa ɗaya. Tsorona kada muƙami ya raba ka da shi, don ni ma ba da girman kai aka haife ni ba, tebur ne ya koya mini. Ka kuma tuna bara da na ce ka nutsar da naka kwana bakwai? Ban san inda ka yi zaton na samo wannan ilimin ba. Ba ka yi dariya ba, ka yi mini bayani a hankali cewa irin wannan katakon da danƙo ake rufe shi, ba a so ya sha ruwa ko kaɗan. Shekara talatin ina ɓoye da ilimi guda ɗaya tak, ranar da na fito da shi an riga an canza katako. Na shiga ɗaki na yi wa kaina dariya.

Kuskurena na biyu a cikin wannan jirgin mai yoyo na yi shi, ina tuƙi da hannu ɗaya ina kwarfe ruwa da ɗaya. Ka san mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi rututu da masunta ke shimfiɗawa a ƙarƙashin ruwa. Ni a lokacin ban san shi ba. Na ga ƴan goruna suna yawo a jere a kan ruwa na ɗauka shara ce, na bi ta kansu, fatsata ta sarƙe, hancin jirgi ya maƙale. Na zaro wuƙa na yanke igiyar na yi gaba. Kashegari da la'asar aka yi sallama da ni a ƙofar gida. Wani mutum ne siriri mai suna Hamani, riƙe da guntun igiya, shuɗin fentina a jikinta. A duk gulbin ni kaɗai ke da shuɗin jirgi. Bai ɗaga murya ba. Na sa hannu a aljihu, ya ce: "A'a, mayar. Ba shi ya kawo ni ba. Gobe da sahe ka taho ka ga abin da ka yanke."

Safiya uku na yi a kan tabarmarsa kafin in tafi aiki, ina ɗaura ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya, yana warware waɗanda na ɓata. Yatsuna duk suka huhhuje, a ofis na ce wa abokan aiki ƙaya ce ta lambu. A nan na gane aikin sati nawa na datse da wuƙa cikin ƙiftawar ido, da bakin mutum nawa ke jiran abin da igiyar za ta kamo. Rana ta uku matarsa ta kawo mana fura, ya miƙo mini ludayi kafin ya sha. Ban taɓa ganin wanda ya hukunta mutum da mutunci irin Hamani ba, Allah Ya jiƙansa.

Saboda haka ka sani gulbi ba daji ba ne. Yana da iyakoki kamar gonaki, sai dai ba a ganinsu daga tudu. Kai don jin daɗi kake fatsa, su kuwa abincin gidansu ne. Idan ka isa Sayi, kafin jirginka ya sake taɓa ruwa, ka je ka gai da sarkin ruwan wurin, ka ce ga ka baƙo, a nuna maka inda ake shimfiɗa mamari da inda aka kafa gura, tarkon kifin nan. In ka yi wa wani ɓarna, ka riga shi zuwa ƙofar gidansa. In ka kama babba, kada ka wuce da shi ta gaban wanda ya dawo hannu wofi kana ɗaga shi sama, ka yanka ka ba shi rabo.

Na uku shi ne wanda ya kusa kai ni lahira. Damina ce, gulbi ya yi ja wur, yana gudu yana ɗauke da itatuwa da ciyayi. Sumana ya ce mini: "Malam Issufu, yau ba ranar wannan jirgin ba ce." Na ce masa ba nisa zan yi ba. Ban iya iyo ba, ban kuma gaya wa kowa ban iya ba. Can wajen tsibiri wani abu ya ja fatsata har sai da jirgin ya juya. Giwan ruwa ne, na ga azurfar bayansa sau ɗaya. Murna ta ɗauke mini hankali. Na naɗe igiyar a hannuna don kada ta kuɓuce, na miƙe tsaye don in ja da ƙarfi. Ƙafata ta taka katakon da rana ta daɗe tana ci, ya buɗe. Abin da na sani kawai ina cikin jan ruwa, kifi yana jan hannuna ƙasa, ina so in kira sunan Allah ruwa yana shiga bakina.

Hannun Sumana ne ya damƙi wuyan rigata, ƙanensa ya datse igiyar. Suka shimfiɗe ni a bakin gaɓa ina aman ruwa a gaban mata masu wanki da masu ban ruwan lambu. Da na dawo hayyacina na tambaye shi yadda aka yi ya iso da wuri haka. Ya ce: "Tun da ka tura jirgin nan na aje komata. Muna bayanka, ba ka waiwaya ba ne." Mutumin da na ce wa littafina ya fi shi sani, shi ya bar aikin yininsa ya bi ni a hankali yana jiran abin da ya san zai faru.

Wannan ba sai na yi maka dogon bayani ba. Rigar nan mai hana nutsewa da kuke kira jile, ka sa ta ka ɗaure, ko zafi zai kashe ka, ko masunta za su yi maka dariya. Kada ka naɗe igiya a hannu ko ka ɗaura ta a jikinka, wuƙa kuma ta kasance inda hannunka zai kai ba tare da ka duba ba. Kifin da ya fara jan ka zuwa cikin ciyawar burgu, ka bar masa ƙugiyar ya tafi da ita. Kada ka tsaya a cikin jirgi. In ruwa ya yi ja, ka zauna a gida ka gyara kayanka. Inda aka ce maka akwai dorina, ka ƙwanƙwasa jikin jirgi tun daga nesa ta san da zuwanka, ka ba ta wuri, mai ɗa kuwa ko kallonta kada ka tsaya yi. Kuma kullum wani a tudu ya san inda ka nufa da lokacin da za ka dawo.

Na huɗu ya fi sauran nauyi, don su kaina na cuta, wannan kuwa ku na cuta. Da aka jawo ragowar jirgin na faskare shi na ba innarka ta yi girki. Ban koma na yi wa Sumana godiyar da ta dace ba, kunya ta hana ni. Na canza hanyar zuwa masallaci don kada in bi ta inda yake zama. Na kafa doka a gidan nan cewa ɗana ba ya zuwa gulbi. Muna zaune inda ake jin ƙamshin ruwa daga tsakar gida, amma yayyenka biyu har suka yi aure ba su iya iyo ba. Kai kaɗai ka saci jiki ka koya. Kana da shekara goma sha biyu na ga wandonka a jiƙe, na dake ka da igiyar guga har sai da innarka ta shiga tsakani. Na ce maka tsoro ne, na ce don ina son ka ne. Akwai tsoro a ciki, ba na musu. Amma mafi yawansa kunya ce. Ba na son wani daga gidana ya tsaya a wurin da aka gan ni kwance ina amai, kada wata tsohuwa ta nuna shi ta ce ɗan mai shuɗin jirgi ne.

Ka yafe mini wannan dukan, Laminu. Na daɗe ina so in faɗa. Idan Allah Ya ba ka ƴaƴa, abin da ya kayar da kai ka gaya musu yadda ya kayar da kai, ka koya musu yadda za su tsallake shi. Kada ka rufe musu hanya ka bar su ba su san dalili ba.

Watan jiya, ranar da ka kai jirgin gwaji, na ce maka ba ni da lokacin kallon wasan yara. To na je. Na laɓe a bayan shingen wani mai lambun kabeji kamar ɓarawon akuya. Na ga ka zauna a ciki ya ɗauke ka cak, filafilinka mai baki biyu yana shiga ruwa ba ƙara, jirgin yana tafiya santal ba ya karkata. Sannan na ga ka kife shi da gangan a inda ruwa ya fi ƙarfin tsayinka. Ka ɓullo, ka juya shi, ka hau. Ka sake kifewa, ka sake hawa, har sau uku. Sai na gane kana koyon faɗuwa tun kafin ta zo maka, abin da bai taɓa faɗo mini a rai ba. Da ka fito, Baba Sumana ya bi ɗinkin da tafin hannunsa tun daga hanci har gindi, na ji yana ce maka kakanninsa ma ɗinka jirgi suke yi da igiya kafin ƙusa ta zo. Ka ga yadda fuskarsa ta yi kuwa? Bayan ka tafi, ko juyowa bai yi ba ya ce: "Malam Issufu, hito daga cikin kabejin mutane. Ɗanka ne, ba na wani ba." Na fito. Muka zauna har aka kira azahar, na yi masa godiyar da ta makara shekara talatin. Ya ce shi ya manta, sai dai har yau bai ga jirgi mai kyan fenti irin nawa ba.

Jiya na koma wajensa, wannan karon ni na yi tambaya. Na ce ruwan nan zai kai yaro Sayi? Ya ce ruwan sanyi ne, cikakke kuma kwantacce, babu lokacin da ya fi shi. Ya ce in gaya maka bayan ka wuce gonakin shinkafar Saga ka riƙe hannun hagu, akwai dorinai a ɗaya gefen, sauran kuma zai faɗa maka da bakinsa, ka je ka same shi kafin Juma'a. Na dawo na sami innarka tana tsintar shinkafa, na ce mata ni dai har yanzu gabana faɗuwa yake. Ta ce: "Malam, nawa ma haka. In ka hana shi ya bari, ka sani. Amma huskar nan da yake shigowa da ita in ya dawo daga gulbi, ba ka ƙara ganinta. Ni ba ni iya ɗaukar wannan, ban sani ba ko kai."

Ni ma ba zan iya ba. Na yarda, Laminu. Ka tafi da jirginka, ka riƙe shi, ka yi fatsarka. Ba don tsoron ya fita daga raina ba ne, yana nan, kuma ina jin zai zauna har in mutu. Amma nawa ne, ni zan ɗauke shi, ba kai ba. Abin da na roƙe ka kawai, in ka isa Kollo ka kira innarka kafin ka wanke ƙafa.

Allah Ya sa ka shiga lafiya ka fita lafiya. Allah Ya kwantar maka da ruwa, Ya kau da kai daga sharrin abin da ke cikinsa da abin da ke bakinsa. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki irin waɗanda Ya haɗa ni da su ban san darajarsu ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka biyayya yadda ka yi mini.

Ranar Asabar bayan an sauko daga sallar asuba, ni zan kama maka gefe ɗaya mu kai shi bakin ruwa, ta gaban kowa. Zan shiga har gwiwa in riƙe maka gindinsa har ka zauna daidai. In ka ji na daɗe ban saki ba, kada ka juyo ka dubi fuskata. Ka ce "Baba, saki" kawai, zan saki.

Wassalam.

Mahaifinka,
Issufu